Ranar da Kawu Iro Ya Kulle Iskar Asibiti

Duk wanda ya san Kawu Iro mai walda ya san ba ya shiga wuri ya fita bai kulle wani abu ba. In ya shigo gidanka, kafin ya amsa gaisuwa sai ya wuce bakin famfo ya murɗa kansa, ko da a kulle ya same shi. In ka ba shi lemon kwalba, kurɓa ɗaya zai yi ya mayar da murfi. A masallacin unguwarmu kuwa, ana tayar da iƙama yana can waje yana bin famfunan alwala ɗaya bayan ɗaya. Raka'ar farko da ta wuce shi saboda famfo, Allah kaɗai ya san yawanta. Maganarsa ɗaya ce, kuma kun san ta: "Wa ya bar wannan yana zuba?"

Ni ne Lawal, ɗan ƙanwarsa. 'Ya'yansa suka matsa mini in rubuta wani abu a kansa, wai ni na fi daɗewa ina shan faɗansa. Gaskiya ne. Aji huɗu na yi a firamare, sauran karatuna a rumfarsa na yi shi, sama da shekara talatin. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri, hannun walda ne.

Sai na ɗan yi bayanin aikinmu, in ba haka ba ba za a gane abin da ya faru ba. Waldar gas abu biyu take so: tukunyar kabaid da silindar oksijin. In ka kunna kabaid shi kaɗai, wuta ja ce, tana rawa, tana baƙin hayaƙi, ko ƙusa ba za ta narkar ba. Da ka buɗe oksijin sai ta miƙe, ta zama shuɗiya, ta haɗe ƙarfe da ƙarfe. To abin da Kawu ya fi tsana a duniya shi ne iskar nan ta silale a banza. Safe da yamma sai ya jiƙa soso da ruwan sabulu ya shafe duk mahaɗar tiyo da silinda. In kumfa ta taso, akwai yoyo. In akwai yoyo, ranar babu mai cin abinci cikin kwanciyar rai.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu kowa na murna, amma Kawu ya fi kowa. Muka ɗauka tsoron Allah ne ya ƙaru. Ashe da maƙwabcinsa Hadi tela yake, wanda ke barin famfo a buɗe yana asuwaki. Bai yi shawara da kowa ba ya kai ƙara gaban alƙali, ya ja ni a matsayin shaida.

Alƙali ya ce, "Malam Iro, famfon na waye?"

"Nasa ne, Allah gafarta Malam."

"Ruwan ya shigo gidanka?"

"Bai shigo ba. Amma ina jin ƙararsa ta katanga."

"To me kake nema?"

"Bulala. Ko goma ce a fara da ita."

Alƙali ya daure bai yi dariya ba. Ya ce almubazzaranci haramun ne, amma babu haddi a kansa, nasiha ake yi. Ya juya ya fara yi wa Hadi nasiha kenan, sai Kawu ya miƙe tsam, ya taka har jikin bango ya kashe ƙwan lantarkin da ke ci a saman kan alƙali.

"Allah gafarta Malam, rana tsaka ce. Wa ya bar wannan yana ci?"

Wallahi ni na fara fita daga ɗakin, don kada a haɗa da ni.

Sai maganar babur. Kun san ƙasar Daura ba ta da wani gangare na kirki, shimfiɗe take kamar tabarma. Amma ɗan wanda ake da shi, daga nan har Baure, Kawu ya san shi da suna. Da ya iso sai ya kashe inji, babur ya riƙa silalewa shiru, wai don kada mai ya ƙone a banza. Babur ɗin kuma ba batir, ya ce batir ƙawa ce. Ma'ana in inji ya mutu, hon ma ya mutu. Na faɗa masa ya fi sau ɗari.

"Kawu, wata rana za ka nemi hon ka rasa."

"Ina da baki."

Ranar ta zo. Ya je Mashi gyaran amalanken shanu, yana dawowa da hantsi ya kashe inji a wani ɗan gangare, sai ga bijimi ya fito daga gona ya tsaya a tsakiyar titi. Kawu ya danna hon, shiru. Ya yi amfani da bakin, bijimi bai ji ba. Waɗanda suka ɗauke shi sun rantse mini cewa da suka ɗago shi, jini na fita ta hanci, abin da ya fara cewa shi ne: "Ku kulle man babur ɗin."

A asibiti aka ce haƙarƙari uku sun karye, saifa ta fashe, jini na zuba ta ciki. Aka shiga da shi tiyata. Da aka fito da shi bayan azahar, sai ga shi da roba a kan hanci da baki, tiyo ya tafi zuwa wata doguwar silinda a kan gadonsa.

Inna Rabi, matarsa, tana ganin haka ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! An sa masa oksijin! Lawal, shi kenan, Malam ya tafi!" Ban ga laifinta ba. Haka duk muka taso muna ji: wanda aka sa wa oksijin, sai a fara share ƙofar gida. Kafin magariba labari ya kai Sandamu. Washegari da sassafe ƙaninsa Baffa Audu ya iso da tabarmi huɗu ɗaure a bayan babur, na zaman makoki. Ya leƙa ɗakin ya ga ƙirjin Kawu na motsi, ya juyo ya dube ni kamar na yaudare shi. "Af, ashe da saura?"

Kawu ya farfaɗo sosai da hantsin ranar. Ya juya ido ya ga silinda. Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da kake yi wa wanda ka sani ka gamu da shi inda bai kamata ba. Ya janye robar.

"Lawal. Wannan ba oksijin ba ce?"

"Ita ce, Kawu."

"Irin tamu?"

"'Yar'uwarta ce. An ce tasu ta fi tsabta."

"To ni ƙarfe ne? Me za su yanka a jikina da bai yanku jiya ba?"

Nas ɗin da ke kula da ɗakin, Malam Sabi'u, mutum ne mai sanyin hali, ya matso ya mayar masa da robar. Ya ce, "Baba, maganin barcin da aka ba ka yana sa huhu kasala, ba ya buɗewa duka sai a hankali. Ga haƙarƙari sun karye, kana jin zafi, sai kana jan numfashi guntu-guntu. Ga shi ka zubar da jini, jini kuwa shi ke ɗaukar iskar ya kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa da wurin ɗinki. Masu dako sun ragu, shi ya sa muke ƙara musu kaya mai kyau. Kwana kaɗan ne."

Bayani mai kyau, ko ni na gane. Amma Kawu bai ji ko kalma ɗaya ba. Idonsa na kan wata 'yar kwalbar ruwa da ke maƙale a wuyan silindar, iska na bi ta cikinta tana ɓulɓul, ɓulɓul, kumfa na tasowa ba tsayawa.

Ya nuna da yatsa. "Yoyo."

Malam Sabi'u ya ce, "Ba yoyo ba ne, Baba. Ruwa ne da iskar ke ratsawa don kada ta busar maka da hanci da maƙogwaro."

"Yaro, shekarata arba'in ina kallon kumfa. Inda kumfa take, yoyo yana nan."

Muka tafi sallar azahar ni da Baffa Audu. Da muka dawo, ɗakin tsit, babu ɓulɓul. Kawu ya miƙa hannu ta saman kai, da haƙarƙarinsa uku a karye, ya murɗe makullin. Na same shi yana haki kamar wanda ya yi gudu, cikin leɓensa ya yi toka-toka, faratansa ma haka. Ya dube ni ya kira ni da sunan mahaifiyata, wadda ta shekara tara a ƙasa, yana ce mata ta shigo da awaki hadari ya taso. Na fita a guje ina kiran Malam Sabi'u.

Aka buɗe. Ba a daɗe ba launinsa ya dawo, hankalinsa ya dawo, bakinsa ma ya dawo.

"Wa ya buɗe?"

Malam Sabi'u ya ja silindar nesa da gado, inda hannu ba zai kai ba. Muka ce an gama. Mun manta da Inna Rabi. Matar da ta shekara arba'in in Malam ya ce kulle sai ta kulle, ga shi kuma dama a ranta iskar nan ce ke kashe mutane. Washegari da safe na je sayo koko, ya ce mata, "Rabi, tashi ki murɗa wancan zuwa dama." Ta murɗa da bismillah, tana ganin ta ceci mijinta.

Wannan karon ya fi na farko muni. Sai da likita ya zo da kansa. Da abin ya lafa, Malam Sabi'u ya ja ni baranda. Sanyin halin nan duk ya tafi.

"Malam Lawal, bari in faɗa maka ba ɓoye-ɓoye. Duk lokacin da ya kulle, zuciyarsa ce ke biya. Ɗinkin cikinsa ba zai kama ba in jini bai kai masa iska ba, ƙirjin ma zai iya ruɓewa da majina. In ya sake sau ɗaya, ka ce wa mai tabarmin nan ya fara shimfiɗa su. Ni na yi masa yaren asibiti bai ji ba. Kai ka san yarensa."

Na tsaya a barandar ina kallon tabarmin Baffa Audu a bayan babur. Na san Kawu. Ba tsoron mutuwa yake ba, kuma ba wauta ce ke damunsa ba. Ya riga ya ce akwai yoyo a gaban mutane, to ko zai mutu sai an sami yoyo. Na hau babur na tafi rumfa, na ɗauko sosonsa, da gwangwanin ruwan sabulunsa, da sifana.

Da na shigo ya ga kayan, idonsa ya yi haske kamar an kawo masa jika.

Na zauna a bakin gado. Na ce, "Kawu, tambaya zan yi maka. Kabaid shi kaɗai yana walda?"

Ya ture roba gefe. "Tambayar banza. Wuta ja, hayaƙi kawai."

"In ƙarfe ya tsage ana so ya haɗe fa?"

"Sai an buɗe oksijin. Wannan ko Rabi ta sani."

"To jiya da ka kulle na gan ka. Wutar kabaid ce kai, Kawu. Ja, tana rawa, sai hayaƙi. Har mahaifiyata ka kira ta shigo da awaki. An tsaga cikinka an ɗinke, ana so ya haɗe, kai kuma kana kashe wa masu aiki iska a tsakiyar walda. Da ni na yi maka haka a rumfa me za ka yi mini?"

Can ya ce, "Da na fasa maka kai."

"To."

"To amma akwai yoyo."

"Yanzu za mu gani."

Na jiƙa soso. Malam Sabi'u na tsaye ya harɗe hannu, marasa lafiyar da ke iya ɗaga kai duk sun ɗaga. Na shafa a mahaɗar tiyo, babu komai. Na shafa a wuyan agogon silindar, babu komai. Lafiya lau take, an ɗaure ta da kyau. Kawu na kallona, fuskarsa ta fara ɗaurewa, na san in na ce babu, gobe ma sai ya sami mai murɗa masa.

To yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na zagaya bayan silindar, na matse soson a kan noti har kumfa ta taru, na ja da baya na ce, "Kai! Kawu, dubi nan!"

Ya ɗago kai da ƙyar ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya koma ya kwanta, ya kalli Malam Sabi'u da wani irin tausayi.

"Yaro, ka gani? Karatu daban, aiki daban. Lawal, ɗaure. Kada ka yi da ƙarfi, ka cinye musu zaren noti."

Na ɗora sifana a kan notin da ba abin da ya same shi, na yi kamar na murɗa. Malam Sabi'u, Allah ya yi masa albarka, ya ce, "Mun gode, Baba. Da ba don kai ba da mun yi asara."

"Ba komai. Waccan kwalbar kuma na yarda ruwan hanci ne. Buɗe."

Da hannunsa ya mayar da robar. Tun daga lokacin ya zama mai gadin silindar. Inna Rabi ta zo za ta shafa masa man shafawa a hanci don robar na gurzarsa, ya daka mata tsawa ta cikin roba: "Maiƙo kusa da oksijin? So kike ki tashi asibitin mutane?" Wani mai jinya ya ciro ashana a bakin taga zai kunna sigari, Kawu ya jefe shi da kofi. Malam Sabi'u ya ce tunda yake aiki bai taɓa samun mara lafiyar da ya san dokar iskar nan kamar shi ba.

Bayan kwana huɗu likita ya duba shi ya ce huhu ya buɗe, a cire. Kuna tsammanin ya yi murna? Ya riƙe robar gam.

"Saura nawa a ciki?"

"Kusan rabi, Baba."

"To a bar ni in ƙarasa ta mana. An riga an buɗe."

Baffa Audu ya koma Sandamu da tabarminsa, har yau yana cewa an ɓata masa mai.

Shekara goma sha wani abu Kawu ya ƙara a duniya bayan wannan, kuma ba taron suna ko ɗaurin aure da bai ba da labarin yadda ya gano yoyo a asibiti yana kwance rai a hannun Allah ba. Kowace shekara yoyon na ƙara girma. A ƙarshe-ƙarshe har cewa yake da bai farka ba da ɗakin ya tashi da kowa. Ni kuma ina gefe ina cewa, "Haka aka yi." Amma abu ɗaya ya canza a unguwarmu. In aka ce an sa wa wani oksijin mata suka fara kuka, sai a aika a kira Kawu. Ya zo da sandarsa ya tsaya a zaure: "Ku yi mana shiru! Walda ake masa. Ni nan an yi mini, ga ni ina cin tuwo." Mutum nawa aka bari a asibiti saboda maganar nan maimakon a kwaso su a dawo gida, ban ƙirga ba, amma na san wasu, kuma suna nan suna yawo.

Bana ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ga tsufa. Aka sake sa masa robar, bai yi musu ba. Ranar Laraba bayan la'asar ina zaune kusa da shi, kwalbar nan na ta ɓulɓul, ya yafito ni da yatsa. Na kai kunne.

"Lawal. Kumfar nan taka."

"Wace kumfa, Kawu?"

"Ta wancan karon. Kumfar yoyo girma take yi, tana fashewa wata na tasowa. Taka tsayawa ta yi cak kamar ta wanki." Ya ja numfashi. "Shekara talatin ina koya maka, ko yoyon ƙarya ba ka iya ba."

Na ce, "To me ya sa ka yarda?"

"Na ga hannunka na rawa."

Washegari da hantsi ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Inna Rabi na kuka, 'ya'yansa na kuka, aka zare robar aka ajiye a kan filo, aka rufe shi. Kowa hankalinsa na kan gawa. Ni kaɗai na ji ƙarar: silindar na nan a buɗe, iska na fita ta robar da ba kowa a cikinta, kwalba na ɓulɓul. Wallahi sai da na waiga na dubi mayafin, ina jiran tsawa.

Na tashi na kulle. A hankali, ba da ƙarfi ba, don kada in cinye musu zare.

Allah ya jiƙanka, Kawu Iro. Allah ya yafe maka raka'o'in da famfo ya cinye, ya yafe mini kumfata. Allah ya yalwata maka kabarinka, ya buɗe maka ƙofar rahamarsa, ya bar ta a buɗe, ta yi ta zuba a kanka ba mai kullewa. Amin.